Gidan Da Ba Shi Da Zaure

Yau shekara 6 ke nan da muka baro gidan gadonmu na cikin birnin Kano, muka tare a Rijiyar Zaki, gaba da Kabuga, a kan hanyar Gwarzo. Alhamdu lillahi, gida ne na rufin asiri: ɗaki 4 da falo, da doguwar katanga wadda aka yi wa waya a bisa. Lokacin gini magini ya tambaye mu ko a fitar da zaure, muka ce a'a, a bar wa mota wurin.

Unguwar kuwa ba a rasa abin bukata a cikinta. Ga masallacin hamsus-salawati, ga Islamiyya, ga kantin magani da mai shayi a bakin titi, ga kuma sabon mazaunin Jami'ar Bayero nan kusa. Mai zuwa Kantin Kwari ko ofis ba ya rasa abin hawa. Ruwan famfo ne dai bai iso layinmu ba, saboda haka mai hali ya haƙa burtsatse, ya ɗora tanki, ya sa sola, ya ja ƙofarsa ya rufe. Kowane gida ya zama gari mai cin gashin kansa.

A cikin birni ba haka muka tashi ba. A zauren mahaifinmu ake biya Ahalari da Ishmawi bayan asuba, a nan baƙo ke sauka, a nan dattawa ke fito da tuwo a yi ciyayya bayan isha'i. In aka kwana biyu ba a ga akushin wani ba, sai a tashi yaro ya dubo ko lafiya. Mu a lokacin, wallahi, takura muka ɗauki abin.

Bara, wata Laraba, muka dawo daga kasuwa muka tarar an kafa rumfa a tsakiyar layi, an shimfiɗa tabarmi. Ashe dattijon da muka haɗa katanga da shi ne ya rasu, tsohon ma'aikacin gwamnati, bayan jinyar mako 3. Har an kai shi. Launin motarsa muka sani, sunansa kuwa sai a wurin zaman makoki muka ji shi. Wasu malamai sun kai iyakar maƙwabtaka gida 40 ta kowace fuska, mu ga shi gida ɗaya ya gagare mu. A wurin nan kuma muka ji cewa injin ruwansu ya daɗe da lalacewa, a hannun 'yan garuwa suke saye jarka-jarka, alhali namu tankin kullum sai ya cika ya yi ta zuba a ƙasa.

Bayan sadakar bakwai muka kira mai gyaran famfo ya huda katanga, ya fitar da kan famfo biyu waje, muka sa aka gina dakali a gefe. Ba za mu ɓoye ba, abin yana da nasa wahala. Ƙofar gida ba ta rabuwa da caɓi, yara na faɗa a kan layin bokiti, uwargida kuma ta yi ƙorafin hayaniya, kuma tana da gaskiya. Amma da la'asar yanzu dattawa 4 ko 5 kan zauna a dakalin.

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da mu. A rana ta biyu sai muka ji ana buga ƙofa, wai liman ne ya aiko, ba a gan mu a sahun asuba ba.