Sili Ɗaya Ƙwale ko Tarin Maki: Yadda Aka Riƙa Fitar da Zakara a Khartum da Umdurman

A watan Fabrairun 1957 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka a Khartum, kuma a nan take aka buga gasar cin kofin nahiyar ta farko. Ƙasashe huɗu ne suka shirya shiga: Sudan, Masar, Habasha da Afirka ta Kudu. Afirka ta Kudu ta ƙi kawo 'yan wasa baƙaƙe da farare a haɗe, sai aka sallame ta, Habasha ta wuce wasan ƙarshe ba tare da ta taɓa ƙwallo ba. Masar ta doke Sudan da ci 2 da 1, sannan ta lallasa Habasha 4 da nema, Ad-Diba ne ya jefa dukkan huɗun. Masu masaukin baƙi wasa ɗaya suka buga, suka koma 'yan kallo a garinsu, kuma wanda bai ci wasa ko ɗaya ba shi ya zo na biyu.

Duk gardamar da ake yi kan yadda ya kamata a fitar da zakara tana ƙunshe cikin wannan mako guda. Bayan shekara biyu, a Alƙahira, aka sake tsari, kowa ya kara da kowa a lissafa maki. Sudan ta ci Habasha, ta sake faɗuwa a hannun Masar da 2 da 1, amma wannan karon ta samu matsayi na biyu da guminta. Kofin da ta ɗauka kuwa, a 1970 a Khartum, ta hanyar sili ɗaya ƙwale ta same shi, inda ta ci Ghana ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe. Saboda haka mutumin Sudan yana da hujjar yabon kowane tsari, yana kuma da dalilin tsine masa.

Tamaula a ƙasar daga makaranta da bariki ta fito. Turawan Ingila ne suka kawo ta, ɗaliban Kwalejin Gordon, wadda aka buɗe a 1902 ta kuma zama Jami'ar Khartum a 1956, suka karɓe ta suka bazu da ita cikin unguwanni. Likita Abdul Halim Muhammad, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa hukumar Afirka, wanda daga baya ya shugabance ta, cikin irin waɗannan 'yan boko ya taso. Amma ƙwallon bai zauna a makaranta ba kamar yadda na Amurkawa ya yi. A can, shekaru da yawa 'yan jarida da masu horarwa ne ke jefa ƙuri'a su ce ga zakaran jami'o'i, har a 1997 aka wayi gari Michigan da Nebraska kowacce na cewa ita ce. Sai a 2014 suka yarda a buga wasan fitar da gwani tsakanin makarantu huɗu, suka mai da su 12 a 2024. A Sudan tun wuri ƙwallo ya tsallaka kogi ya tare a Umdurman, a hannun ƙungiyoyin Marikh, Hilal da Mawrada.

Abin da matasan yanzu suka manta shi ne, gasar ƙasa baki ɗaya da kowa ke zuwa gidan kowa sabuwar aba ce. A da kowane yanki da tasa gasar, ta Khartum ce mafi zafi, sai waɗanda suka yi fice su haɗu a ɗan gajeren zagaye a fitar da zakaran Sudan. Dalilin a fili yake: ƙasa ce mai faɗin gaske, kafin a raba ta a 2011 babu wadda ta kai ta girma a Afirka, kuma ɗaukar 'yan wasa a jirgin ƙasa daga Niyala zuwa Bur Sudan kowane mako ba abin da ƙaramar ƙungiya za ta iya ba ne. Masu sukar tsarin suna cewa caca ce, kana iya cinye shekara kana ragargazar kowa, rana ɗaya alƙalin wasa ya busa maka bugun fenariti ka tashi a tutar babu. Gaskiyarsu ne. Amma a wancan zamanin ne Mawrada ta ɗauki kambun a 1968 da 1988, Burri ta ɗauka a 1969, Hilal ta Bur Sudan kuma ta fitar da shi daga babban birni a 1992.

A tsakiyar shekarun 1990 aka kafa gasar Mumtaz, doguwa, gida da waje, mai yawan maki shi ne zakara. An samu adalcin da ake nema. Tun daga lokacin kuwa, babu wanda ya sake ɗaga kofin in ba Hilal ko Marikh ba. Ni a ganina nan ne masu kare doguwar gasa ke kau da kai: tsarin da ya toshe ƙofar sa'a ya bar ƙofar kuɗi a wangale. Wanda ke da 'yan wasa 25 nagari, da halin sayo irin su Kelechi Osunwa daga Najeriya, ba zai yi tuntuɓe sau talatin ba. Ƙaramar ƙungiya tana iya yi masa kwanton ɓauna na minti 90, amma ba na wata takwas ba. Sai gasar ƙasa ta koma rigimar maƙwabta biyu da filayensu ke unguwa ɗaya a Umdurman, sauran ƙungiyoyin 'yan rakiya.

Abin dariyar shi ne, manyan biyun ma da sili ɗaya ƙwale suke alfahari ko kuka idan an fita waje. Magoyin bayan Marikh ba zai bar ka ka sha shayi lafiya ba sai ya tuna maka 1989, shekarar da suka ci Bendel United ta Najeriya suka ɗauki kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu. Na Hilal, wanda ƙungiyarsa ta fi yawan kambun gasar ƙasa, yana haɗiye takaicin wasannin ƙarshe biyu, na 1987 da Ahli ta Masar da na 1992 da Widad ta Maroko. Mutanen Kano ma sun ɗanɗana irin wannan a 2019, da aka tara ƙungiyoyi shida a Legas, Enyimba ta ɗauka, Pillars ta zo ta biyu.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe filayen Khartum da Umdurman. Hilal da Marikh suka yi ƙaura, suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a cikin gasar Muritaniya a matsayin baƙi. Da hukumar Sudan ta buƙaci sunayen da za ta tura gasar Afirka, sai ta koma ga tsohon tsari: ta tara 'yan ƙungiyoyi a Atbara da Damar a tsakiyar 2025, aka yi gajeren zagaye cikin 'yan makonni. Hilal ce ta ɗauka, Marikh na biye da ita.