Daga Katsina Zuwa Maraɗi: Hanyar Da Siyasa Ke Riƙe Da Makullinta

A makon jiya na bar Katsina da hantsi, na nufi Maraɗi domin ziyartar wani abokin aikina da ke koyarwa a can. Tazarar ba ta kai kilomita 100 ba, amma sai da la'asar ta yi sakaliya muka isa. Tun daga Jibiya har muka wuce Ɗan Isa, ba mu yi tafiyar kirki ba tare da an tsayar da mu ba. A wani shingen, direbanmu ya dawo yana karkaɗe aljihu, ya ce da ni: “Malam, ai ba ramukan titi ne ke cinye mana riba ba, tsayawar ce.”

Abin da ya fi damuna shi ne, ƙasar da muke ketawa ɗaya ce. Gonakin gero iri ɗaya ne, haka harshe da tufafi. Maraɗi kanta sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi, shi ya sa har gobe ake kiran mai sarautarta Sarkin Katsina. Yarjejeniyar Turawan Ingila da Faransa ce ta raba dangi, ta mayar da zumunci abin da ke buƙatar takarda.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka. Nijeriya da Nijar sun kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, ƙungiyar ECOWAS kuma ta amince da 'yancin zirga-zirgar jama'a a 1979. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 284 daga Kano, ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya ƙare a Maraɗi. Nijar ba ta da teku, saboda haka layin zai sada ta da tashoshin jiragen ruwan Legas, mu kuma ya sauƙaƙa mana shigo da dabbobi da wake da albasa.

Sai dai ƙarfe ba ya tafiya da kansa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga 2019 zuwa ƙarshen 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai aka sake garƙame wannan hanya, manyan motoci suka yi jerin gwano, kayan gwari suka ruɓe, har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Nijar ɗin ma tana da darasi a gida: layin dogon Yamai zuwa Dosso da aka buɗe a 2016 ya zama kufai, domin ba a sada shi da na ƙasar Benin ba.

Da dare, muna shan shayi a bakin titi a Maraɗi, wani ɗan kasuwa ya tambaye ni ko jirgin zai zo kuwa. Na ce zuwansa ba shi ne abin dubawa ba, a bar shi ya wuce ne. Idan har shugabanninmu da gaske suke, to su rattaba hannu tun yanzu kan tashar bincike guda ɗaya ta haɗin gwiwa, da kuɗin fito sananne, da alƙawarin cewa rigimar siyasa ba za ta ƙara toshe hanyar abinci da magani ba. In ba haka ba, za mu ci bashin gina layin da zai tsaya cak a Jibiya, kamar yadda motarmu ta tsaya.