Maharbin Lugbe da Kazar Dutse

Duk wanda ya bi babban titin nan da ya tashi daga tsakiyar Abuja zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, in ya iso Lugbe ba abin da zai gani sai rufin kwano da shaguna da motoci jere kamar tururuwa. Da wuya a ce masa nan dajin zabi ne a dā ya yarda. Amma akwai wani dattijo a wata unguwa can bayan titi wanda ya san haka, domin da ƙafarsa ya taka dajin, da farauta kuma ya ci da iyalinsa.

Yana saurayi ya sauka wannan ƙasa, tun kafin 1976, shekarar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar da kafa sabon babban birni. Gwarawa, watau Gbagyi, su ne masu ƙasa, a wurinsu kuwa ya koyi hanyoyin duwatsu. A fili, bakin gonakin dawa da doya, nan ake samun fakara da zabin daji. Amma tsuntsun da ya fi shiga ransa sai an hau sama, inda itatuwa ke ƙarewa, ya rage sai falalen dutse da ciyawa a tsaguna. Can ne gidan kazar dutse.

'Yar ƙarama ce, launinta na ƙasa, tana tafe da wutsiya a ɗage. Ba ta son tashi sama. In ta ji motsi sai ta sheƙa tsakanin duwatsu ta ɓace, kamar ƙasa ta haɗiye ta. Saboda haka ba a neman ta da ido, sai da kunne. Da asuba garken kan ɗauki kuka baki ɗaya, maharbi kuwa ya riga ya hau tun da duhu, ya laɓe, sanyin hunturu na yanka shi, ba ya ko tari. Bindigarsa ta toka ce, ɗuri ɗaya harbi ɗaya. In ya kuskure, kafin ya sake zuba albarushi dutsen ya zama wayam. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse.

Sana'ar tana da ƙa'ida, ko da yake ba a rubuce take ba. Daga faɗuwar ruwan farko har a yi girbi yakan rataye bindiga, gama lokacin ne zabuwa ke kwance kan ƙwai a cikin ciyawa, wanda ya harbe ta kuwa ya harbe garken baɗi. Ba ya ɗaukar fiye da biyu daga garke guda, ba ya kuma sa wa daji wuta. Turawan Ingila ma haka suka yi, sai dai su doka suka mai da abin: ba a harbin fakarar tuddansu sai daga 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba.

To, ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta ƙaura daga Ikko zuwa Abuja, jama'a suka biyo ta. Gonaki suka koma filayen gini, aka sare kurmin da zabi ke kwana, masu fasa dutse suka shiga tuddan kewaye suna mai da su tsakuwa. Ba bindiga ce ta ƙarar da tsuntsaye ba, mafaka suka rasa. Maharbi ya bar uwa domin 'ya'yanta, amma katafila ba ta san damina ba.

Yau saura garke ɗaya da dattijon ya sani, a kan wani tudu da gini bai kai ba tukuna. Bai taɓa gaya wa kowa inda yake ba sai jikansa. Da yaron ya ce, "Kaka, yaushe za ku koya mini harbi?" sai ya amsa, "Ɗan nan, fara koyon saurare. Abin da ya rage bai isa harbi ba." Tun daga nan sukan hau tare da asuba, hannu wofi, su zauna su ji kukan, sa'an nan su sauko kafin rana ta yi zafi.

Birni ba abin ƙi ba ne, jikokinsa ma a makarantunsa suke karatu. Amma da hukuma za ta keɓe ko da tudu ɗaya da ciyawarsa, ta hana gini da wuta da nakiya a kansa, da yaran Lugbe sun taso sun san kazar dutse da idonsu, ba a bakin tsofaffi kaɗai ba. Allah ya sa masu iko su ji.