Cek Na Kuɗin Waje Da Asusun Ƙetare: Abin Da Ke Hannu Da Abin Da Ke Wuya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwana matasa, a 'yan shekarun nan tambayoyin da ɗalibaina ke kawo mini bayan darasi sun sauya. Wani ya yi wa kamfanin Amurka aiki ta intanet an aiko masa da cek na dala, yana son ya buɗe asusu da shi a tsibirin Jasi ko tsibirin Man, inda bankunan ƙetare suka yi suna. Tambayarsa ita ce: ya halatta? Amsar da nake bayarwa tana da ɓangare biyu.

Na farko, takardar da ke hannunka alkawari ce, ba ta zama kuɗi ba tukuna. Bankin da ka nufa zai fara neman fasfo da shaidar adireshi da bayanin inda kuɗin ya fito. In ya yarda ya karɓi cek ɗin, domin wasu sun daina karɓa, sai ya aika da shi ƙasar da aka rubuta shi, a jira makonni. Ko an zuba adadin a asusunka, bankin zai janye shi in ta bayyana cewa cek ɗin na jabu ne. Ta nan 'yan damfara ke shiga: su aiko da fiye da abin da kake bi, su ce ka mayar musu da ragowar, kafin asiri ya tonu kuɗinka na gaskiya ya tafi.

Magabata sun san wannan matsala. Imam Muslim ya ruwaito cewa Abu Huraira (RA) ya yi wa Marwan bin Hakam inkari a Madina, saboda mutane suna sayar da takardun rabon abinci kafin su karɓi abincin, sai Marwan ya hana. Haka kuma canjin kuɗi da kuɗi sharaɗinsa hannu da hannu ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ɗauki karɓar cek a matsayin karɓar kuɗi idan akwai kuɗin a asusun kuma banki ya killace shi. Cek ɗin da bai cika wannan ba, kada ka sayar wa ɗan canji shi da ragi. Wannan ƙofar riba ce.

Na biyu, idan kuɗin ya tabbata, nisansa ba ya sauke maka nauyinsa. In ya kai nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinariya, shekara ta kewayo, zakkar kashi biyu da rabi cikin ɗari ta wajaba, ko yana Kano ko yana Jasi. Ka zaɓi asusun da ba ya tara kuɗin ruwa. Ka rubuta bayaninsa ka bar wa amintacce, domin asusun da magada ba su sani ba haƙƙin marayu ne da ka rufe da hannunka.

Game da ɓoye wa hukuma kuwa, tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana shugaban ƙasa da gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa mallakar asusu a ƙasar waje. Takardun Panama da aka fallasa a 2016 sun nuna cewa sirrin ƙetare ba ya ɗorewa. A 2020 an dawo wa Najeriya da sama da dala miliyan 300 na kuɗin Abacha daga Jasi, shekara 22 bayan rasuwarsa. In tuhumar duniya ta kai haka, ina ga ranar da za a tambayi bawa inda ya samo dukiyarsa da inda ya kashe ta?

Saboda haka ba na ce wa ɗalibi asusun ƙetare haramun ne. Ɗan kasuwa da ɗalibin da ke karatu a waje suna iya buƙatarsa. Ina dai tambayarsa: me ya sa asusun dala na gida bai ishe ka ba? In amsar buƙata ce ta halal, Allah Ya sa albarka. In kuma gudun zakka ne ko gudun idon jama'a, to a sake tunani.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haram. Wallahu a'alam.