Wa Ya Gaya Miki?

Akwai wata tambaya da wani likita ya taɓa yi mini, wadda har gobe ba ta bar raina ba.

Lokacin 'yata ta fari tana da shekara biyu aka rubuta mata wani maganin ruwa, kwana uku da fara sha sai jikinta ya feso da ƙuraje, leɓunanta suka kumbura. Na daina ba ta, suka baje. Bayan wata biyar tari da zazzaɓi suka sake kai mu asibiti, ina ji likitan ya ambaci sunan maganin nan dai yana rubutawa. Na ce, "Likita, don Allah wannan maganin ba ya karɓarta." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malama, wa ya gaya miki?" Wallahi sai bakina ya mutu, domin ba wanda ya gaya mini, idona ne ya gani. Allah ya taimake ni da wata dattijuwar nas da ke tsaye, ta maimaita masa maganata tsaf, illa ta faɗa da Turanci. Nan take ya soke, har yana bayanin cewa wasu jikinsu ba ya ɗaukar magani mai salfa, kuma in an sake sha abin yana iya fin na farko muni.

Magana ɗaya ce fa, baki ne kawai ya bambanta. Likita yana gaskata littafinsa, da takardar gwaji, da abokin aikinsa, uwa ce ƙarshen layi, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma in za a bi gaskiya mu ma da namu laifin. Sau nawa muke shiga da "an ce, an ce", mu ɓoye jiƙon da muka ɗura wa yaro a gida don kada a yi mana faɗa?

Ku dubi maganin zazzaɓin cizon sauron da ake ba mu yanzu. Wata mata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ta tsinci bayanin wani ganye dangin tazargade a littafin wani mai magani da aka rubuta fiye da shekara 1,600 da suka wuce. Ba ta raina shi ba, ba ta kuma haɗiye shi haka nan ba, sai da aka gwada a kan ɓeraye, ta gwada a jikinta. A 1972 suka tace sinadarin, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. To abin da muke roƙo ke nan, a saurara sannan a bincika.

Ni dai tun ranar na sayi ɗan littafi ina rubuta sunan duk maganin da yarana suka sha da abin da ya biyo baya. In an ce wa ya gaya miki, sai in miƙa. Allah ya ba mu lafiya da zuri'armu, amin.