Jirgin da Ba Ya Ɗaukar Kowa

A Jihar Kebbi, in aka ce tseren jirgin ruwa, Rigatar Yawuri ake nufi, ko kwale-kwalen da ke tsere a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu. Mu mutanen Zuru tudu ne namu, da duwatsu da gonakin dawa. Shi ya sa da muka haɗa kuɗi mu uku, duk masu rubuta manhajar kwamfuta, muka yi odar ɗan jirgin tsere mai batir da rimot, iyayenmu suka ce abin da ya rage mana ke nan. Tsawonsa santimita 70 ne, ko kyanwa ba zai ɗauka ba.

Mako biyu muka yi da shi a kan tebur kafin ya taɓa ruwa. A sana'armu, in manhaja ta tsaya, sai ka kashe ka kunna. Jirgi kuwa in ya tsaya, tsakiyar tafki yake tsayawa, kai kana baki kana kallo.

Batir muka fara bi. Irin da ake kira LiPo ne, mai ɗauri uku, kowane ɗauri yana cika a bolt 4.2, kuma in ka bari ya sauka ƙasa da bolt 3 ka lalata shi. In ya huje ko cajin ya wuce ƙima, wuta yake kamawa. Don haka a tsohuwar tukunyar ƙasa muke cajinsa, a tsakar gida, da bokitin yashi a gefe, da rana tsaka lokacin da sola ke da ƙarfi. Inna ta ce tukunyar nan ta dafa miyar kuka shekara ashirin, ba ta taɓa ganin irin wannan wulaƙanci ba.

Sai zaman batirin a cikin jirgi, kuma a nan muka fi daɗewa. Masu harkar sun ce tsakiyar nauyi ta kasance wajen kashi 30 cikin ɗari na tsawon jirgin, in ka auno daga baya. Mun ɗora shi a kan fensir muna matsar da batirin kaɗan-kaɗan har ya tsaya daidai. In batirin ya yi gaba, hanci ya nutse, jirgi ya riƙa huɗar ruwa kamar garma. In ya yi baya, hanci ya tashi, iska ta shiga ƙarƙashi ta kifar da shi. Faɗin yatsa biyu ne tsakaninsu. Muna cikin wannan awon ɗayanmu ya tuno jirgin da ya nutse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021, ɗauke da mutum sama da 150, lodin da ya fi ƙarfinsa. Ba wanda ya ce komai. Muka ci gaba da matsar da batir.

Sauran aikin na haƙuri ne kawai: giris a igiyar ƙarfen da ke juya farfela, hura ɗan bututun da ke ɗebo ruwa ya sanyaya inji don a tabbatar bai toshe ba, cusa soso a hanci don ko ya kife kada ya nutse, liƙe murfi da salatif.

Abin da muka fi ba muhimmanci ba gudu ba ne. Akwai saitin da ke gaya wa jirgi abin da zai yi idan saƙon rimot ya yanke. Mun saita shi ya kashe inji nan take, muka gwada a kan tebur ta hanyar kashe rimot farfela na juyawa, sau goma, har muka gamsu. Amma jirgin da ya kashe inji ai yana can tsakiyar ruwa, kuma mun san yaran unguwarmu. Kafin ka buɗe baki wani ya cire riga ya faɗa, don a ce shi ya ɗauko. Tafkin da muke zuwa ramin haƙar ƙasa ne da damina ta cika, gefensa gwiwa, tsakiyarsa ya shanye babban mutum. Saboda haka muka ɗaura ƙwallon tanis a igiyar fatsa mai tsawo, wadda za a jefa ta wuce jirgin a jawo shi. Muka tara yaran muka gaya musu sharaɗi: duk ranar da ƙafar wani ta shiga ruwa saboda jirgin nan, ranar zai koma kwali.

Ranar Asabar da hantsi muka sa shi. Rimot aka fara kunnawa, sannan jirgi. Ya ɗaga, ya miƙe a kan ruwa yana fesa wutsiya fara a bayansa, muna juya shi dama-dama kamar yadda ake yi a gasa. Minti huɗu batirin ke ba mu a cikakken gudu, agogon waya na ƙirgawa.

A zagaye na shida ciyawa ta naɗe farfela, ya tsaya cik, taku ashirin daga baki. Yara goma sha biyu suka zabura, suka tsaya a bakin laka suna dubanmu. Ƙaraminsu ne ya ruga ya ɗauko igiyar. Sai a jifa na biyar ƙwallon ta wuce jirgin.