Gidan karnukan da ke gindin layin dogo a Landan

Idan Allah ya kai ki Landan, 'yar'uwa, kika tsallaka kogin Thames zuwa kudu, za ki hango wasu dogayen bututan hayaƙi huɗu farare sun tokare sama. Tsohuwar tashar wutar lantarki ce ta unguwar Battersea, wadda yanzu ta koma kantuna da gidajen cin abinci. Nan yawancin baƙi suke tsayawa su ɗauki hoto. Ki ƙara 'yan taku. A gindin layin dogo akwai wani gida da ya girmi tashar nesa ba kusa ba: gidan karnuka da kuliyoyi marasa galihu, wanda wata mata mai suna Mary Tealby ta kafa a 1860 a arewacin birnin, kafin a dawo da shi nan a 1871.

Daga waje sai ki rantse asibitin kuɗi ne. Jirage na wucewa a sama, 'yan sa-kai na fita da karnuka shan iska, iyalai na zuwa neman wanda za su riƙa. Amma ba kowane kare ne ke fita da ƙafarsa ba. A 2010 wani shirin talabijin na BBC ya bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na karnukan da gidan ya karɓa a 2009 an kashe su, akasari saboda suna da haɗari ga mutane. Kar ki zaci ciwon haukan kare ne dalili kamar a wajenmu. Tun 1922 Birtaniya ta rabu da shi a jikin karnukanta.

Yadda ake kashe su kuwa tsohuwar rigima ce. A 1884 a wannan gida aka kafa wani ɗaki da ake tura karnuka ciki da yawa, a sakar musu iskar da za ta sa su barcin da ba tashi. A lokacin ci gaba ne, don wasu wuraren nutsar da su ake yi a ruwa. Yau allura ce: maganin sa barci mai ƙarfi, a jijiyar ƙafar gaba. Cikin daƙiƙoƙi kare ya fita hayyacinsa, jim kaɗan zuciya ta tsaya.

Sai dai allura tana buƙatar kare ya tsaya a riƙe shi. A 2009, a garin Pontardawe na yankin Wales, jami'an ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA suka kashe karnuka goma da mai su ya rasu ya bari, da irin bindigar nan mai harba ƙusa a goshi da ake sumar da shanu da ita a mayanka. Ƙungiyar ta ce karnukan ba su saba da mutane ba, ba sa kusantuwa, kuma suna fama da mugun ciwon fata. Masu ceton karnuka suka fusata, suka ce da an neme su da sun gwada ɗaukar wasu.

Ni dai a matsayina na ma'aikaciyar jinya, hujjar ƙungiyar ba ta gamsar da ni duka ba. Na san wahalar neman jijiya a hannun yaro mai fizge-fizge, ke ma kin sani idan kin taɓa riƙe naki. Amma ba ƙarfi muke ƙarawa ba, kwantar da shi muke fara yi. Kare ma ana iya zuba masa maganin kwantarwa a cikin nama, a jira ya yi laushi. Hakan na cin lokaci da kuɗin likitan dabbobi, kuma a ganina nan gizo ke saƙar.

Wani ɓangaren ma ba a hannun ƙungiyoyin yake ba. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta hana a ba kowa riƙon wasu nau'o'i, kuma daga ƙarshen 2023 aka ƙara wanda ake kira XL Bully a Ingila da Wales. Irin wannan kare idan ya shigo Battersea ba mai shi, komai lafiyarsa da sanyin halinsa, doka ba ta yarda a miƙa shi ga wani gida ba.